Audugar Inna Lantana a Bakin Fure

Dalilin da ya sa furen nan na faƙo yake da gashi a harshe, ku matso ku ji. Ai kun san shi: shuɗi ne mai sirkin ja, dogo kamar 'yar algaita, ganyensa biyu-biyu suna kallon juna. To, da can harshensa sumul yake, kuma yana magana.

A wancan zamani akwai wata mai kaɗi, Inna Lantana. Ɗanta ɗaya tal, Nomau, mahaƙin rijiya. Kullum da hantsi takan ɗora furarsa a ka, ta soke 'yar auduga a ƙugu, ta ratsa ciyawa zuwa inda yake aiki. Yana sha, tana kaɗi a inuwa.

Ran nan rijiya ta rufta da Nomau. Aka tono shi ba rai. Sai aka tashi wani dattijo, Baba Tunau, ya tare Inna Lantana a hanya. Mu a wajenmu ba a jefa wa uwa mutuwa a fuska. Cewa ake yi jiki ya yi zafi, a taka da ita sannu a hankali, har zuciyarta ta gane da kanta.

Baba Tunau ya ce, "Lantana, kawo ƙwaryar in riƙe miki."

Ta yi dariya. "Kai da sandarka ma da ƙyar kake ɗauka, Baba?"

"Yaron ne ya ɗan ji ciwo a ƙafa. Mu je dai."

"Nomau? Wannan rawar kai tasa! Bari in je, yau sai na ja masa kunne."

Furen yana bakin hanya, ya ga duk abin da ya faru. Sai ya buɗe baki.

"Ba ƙafa ba ce, Inna. Ya mutu. Har an lulluɓe shi."

Ƙwarya ta faɗi. Ƙasa ta shanye furar nan take. Lantana ba ta yi ihu ba, durƙusawa ta yi gaban furen.

"Wa ya tambaye ka?"

"Gaskiya na faɗa, Inna."

"Na sani. Amma daga nan zuwa bakin rijiya, da ina da ɗa. 'Yar tafiyar nan ce ta rage mini, ka ƙwace."

Ta zaro audugar, ta cusa masa a baki kamar yadda ake yi wa gawa. Ta miƙe ta bi Baba Tunau, hannu wofi.

Fure ya yi ta tofarwa, audugar ta ƙi fita. Damina ta wanke, rani ya ƙona, tana nan manne.

Shi ya sa har gobe, in kun leƙa bakinsa, za ku ga gashi kwance a harshen, kuma da shi ake bambanta shi da sauran furannin daji. Bakin a buɗe, amma ba ya cewa komai. Kada ku cire masa. Ni in na gan shi a hanyar maƙabarta, rage sauri nake yi.