Duwatsu Bakwai na Bakin Tiga

Ƙawata, ajiye aikin hannunki ki saurare ni. Na daɗe ina juya labarin nan a raina, ina tsoron kada ya zama cin naman mutum. Shi ya sa na sauya sunaye, na bar abin da ya faru yadda yake.

Akwai wani mutum a Tudun Wada, mu kira shi Ashiru. Shagon sayar da waya gare shi a bakin tasha, amma in kika ce masa mai shago ba zai waiwayo ba. Sai kin ce Farfesa. Wa ya ba shi farfesancin? Shi ya ba kansa. Ya taɓa fara difloma a Kano, bayan shekara guda ya dawo da tabarau da baƙar jaka, takardar kuwa tana can.

Shi ne shugaban wata ƙungiya ta masu sha'awar duwatsu. Kada ki yi dariya, ƙungiyar mutanen kirki ce. Akwai malaman makaranta, da ma'aikacin asibiti, da teloli biyu, daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada har Doguwa. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata sukan ɗauki bas su fita. Sun leƙa tsofaffin ramukan kuza na Riruwai, sun bi rafuka, sun hau tsaunuka. Su tsinto duwatsu, su wanke, su kai makarantu su nuna wa ɗalibai. Ni da na koyi karatu da girmana a littattafan 'ya'yana, ina ganin mutuncin duk wanda zai tsaya ya kalli dutse don ya gane ikon Allah.

Ashiru dai ya zama shugaba ne don ya fi kowa murya, kuma shi ya buga wa ƙungiya riguna.

A cikinsu akwai Malam Sabi'u, mutumin Kiru, tsohon mai haƙar rijiya. Shekara talatin ya yi yana shiga cikin ƙasa. Bai san sunan dutse ko ɗaya da Turanci ba, amma in ya murza ƙasa a yatsa zai gaya miki abin da ke ƙarƙashinta.

Ƙungiyar tana da doka guda: ba a ɗaga dutse sai an zana inda yake kwance, an auna nisansa da wani abu da ba ya motsi. Ashiru ne ke karanta dokar a kowane taro, da kumbura murya. Malam Sabi'u ne kaɗai ke bin ta. Yana da ɗan littafi da tsohuwar igiyar guga wadda ya yi wa ƙulli a kowace gaba. Sai kowa ya koma mota shi yana can yana awo.

"Malam Guga, ka taho mana!" in ji Ashiru. "Zamanin waya ake ciki, kai kana nan da igiyar kakanka."

Malam Sabi'u sai ya yi murmushi ya ce, "Ina zuwa, ranka ya daɗe. Saura ƙulli biyu."

To, a bazarar bana ruwan Tiga ya ja baya sosai, har wani tsohon kufai ya fito, irin garuruwan da dam ya cinye aka tashi mutanensu. Ƙungiya ta ce can za ta je.

Suna cikin tafiya a kan busasshen taɓo sai ga fararen duwatsu guda bakwai a jere, suna ƙyalli a rana. Ɗaya ya kai girman tukunya, sauran ba su kai ba.

Ashiru ya tsaya cak, ya gyara tabarau.

"Jama'a, kun san abin da kuke kallo? Jijiyar farin dutse ce ta ɓullo daga ƙasa. Irin wannan ita ke ɗauke da zinare. Ku shaida, ni na fara gani."

Malam Sabi'u ya tsuguna, ya shafa ɗaya.

"Farfesa, wannan ba a nan aka haife shi ba. Dubi yadda ya yi sumul, ruwan rafi ne ya goge shi. Ƙasar nan kuma duk baƙin dutse ne. Hannu ne ya kawo su ya jera. Ka ga sun miƙe daga kudu zuwa arewa, tsawon mutum. Mu tambayi mutanen wurin tukuna."

"Mu tambayi wa? Kifi?"

Wasu suka yi dariya, irin dariyar da ake yi don faranta wa wanda ya buga riguna.

Can cikin ruwa akwai wani tsoho a kwalekwale, yana ta ɗaga filafili yana kira. Iska tana kwashe muryarsa. Malam Sabi'u ya ce a jira shi ya iso.

"Kifinsa yake son ya sayar mana," in ji Ashiru. "Ku kwashe mu tafi, direba na jira."

Malam Sabi'u bai taɓa ko ɗaya ba. Ya ce a ba shi minti goma don dokar ƙungiya. Ya ɗaura igiyarsa a wani ƙaton dutse mai rami a ka kamar turmi, ya auna zuwa babban farin. Ya koma wani tsagaggen fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, a gefe, ya sake aunawa. Ya zana, ya rubuta. Ashiru kuwa yana ta ɗaukar kansa hoto, rungume da dutse, haƙora a waje. Aka zuba duwatsun a buhu, aka yi gaba kafin tsohon ya kai gaɓa.

Ki ji ƙarfin hali. Kafin su isa gida Ashiru ya riga ya watsa a waya cewa ya gano alamar zinare. Ya sa ranar baje koli a wata makarantar sakandare, ya gayyato wata malamar jami'a masaniyar duwatsu, Dakta Ramla, ta zo ta ga abin da su masu digiri suka kasa gani.

Malam Sabi'u hankalinsa bai kwanta ba. Bayan kwana shida ya hau mashin ya koma shi kaɗai. Ya tarar da tsohon nan, Baffa Inusa, yana zagaye a cikin taɓo kamar wanda ya yar da allura. Shanu sun bi ta wurin zuwa shan ruwa, sun tattake ko'ina. Ko gurbin dutse ɗaya ba a gani.

Baffa Inusa ya ba shi labari. Yana saurayi mahaifiyarsa, Iya Kulsumu, ta rasu, watanni kaɗan kafin a tashe su. Aka binne ta a gindin wata tsamiya, ruwa ya zo ya rufe. Ya yi shekaru ba ya iya cewa ga inda take. Wata shekarar da ruwa ya ja ƙwarai ya gane kututturen tsamiyar. Ya je har rafin Doguwa ya zaɓo fararen duwatsu masu nauyi da ruwa ba zai ja ba, ya jera mata. Daga baya kututturen ya ruɓe. Duwatsun ne kaɗai suka rage. Duk shekarar da suka fito sai ya zo ya yi mata addu'a.

"Ɗana," ya ce, "na san addu'a tana isa daga ko'ina. Amma ina so in nuna wa 'ya'yana wurin kafin in bi ta. Ga hadari ya fara haɗuwa. In ruwa ya dawo, shi ke nan, na sake rasa ta."

Nan take Malam Sabi'u ya kira Ashiru, ya gaya masa komai. Kin san amsar da ya bayar?

"Kai, mutanen ƙauye da wayo. Sun ji maganar zinare, shi ne kowa ya tuna da uwarsa. Sai bayan baje koli."

Allah ya shirye mu. Mutum ya ji kalmar kabari, abin da ya fara zuwa masa shi ne kada a ɓata masa taro.

Ranar baje koli aka cika ɗakin taro. Ashiru ya sha babbar riga, ya jera duwatsun nan a kan jan ƙyalle, ya yi kusan awa yana zuba. Rabin Turancin ma shi ya ƙirƙira. Dakta Ramla ta bari ya gama, ta tashi ta ɗauki ƙarami ta juya shi a hannu.

"Malam, a jikin wane dutse ka fasa wannan?"

"A kwance na same su, Dakta, a jere."

"To ai jijiya ba ta zama sumul haka. Wannan dutsen rafi ne, wani ya ɗauko. Ba wanda ya gaya maka?"

Ashiru ya fara kame-kame. Sai aka ji sallama daga ƙofa. Malam Sabi'u ne, riƙe da hannun Baffa Inusa. Tsohon ya gaida jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya dubi Dakta, bai ɗaga murya ba.

"Hajiya, don Allah a kifa babban."

Mutum biyu suka juya shi. A ƙarƙashinsa ga rubutun ajami, an ƙwarzana da ƙusa. Dakta Ramla ta sunkuya ta karanta a fili: Kulsumu.

Sati biyu dutsen nan yana ɗakin Ashiru. Ya wanke samansa, ya goge shi da mai don ya yi ƙyalli a hoto, bai taɓa duba ƙasansa ba. Farfesa ke nan.

"Baba, ai sai a mayar," in ji Ashiru. "Ina da hotunan wurin."

Aka buɗe wayar. Hoto arba'in da wani abu. Ashiru da dutse, Ashiru da guduma, Ashiru yana nuna sama da yatsa. Babu ko ɗaya da ya nuna ƙasa.

Baffa Inusa ya zauna a benci, ya rufe fuska da hula.

Sai Malam Sabi'u ya zaro ɗan littafinsa daga aljihu.

"Baffa, daga dutse mai turmi gaba tara. Daga tsagaggen fa gaba goma sha biyu da kamu ɗaya. Inda igiya biyu suka haɗu, nan kan Iya yake."

Washegari da sassafe ƙungiya duka ta tafi, har da Dakta. An yi yayyafi, taɓo ya jiƙe, bas ta tsaya nesa. 'Yan ƙungiya suka ɗauki ƙananan shida. Babban kuwa, kowa dai ya kalli Ashiru. Ya naɗe gammo ya ɗora a ka. Sau biyu yana faɗuwa, babbar rigar nan ta jiya ta sha taɓo. Takalmi ɗaya ya maƙale a taɓo, tabarau ya bi shi. Ban ji an ce wani ya tsaya nema masa ba.

Malam Sabi'u ya ɗaura igiya a dutse mai turmi, ya ƙirga ƙulli tara, ya zana a ƙasa. Ya koma tsagaggen fa, ya ƙirga, ya zana. Inda zanen ya gicciye ya kafa tsinke.

Baffa Inusa ya durƙusa ya fara tona da yatsu. Ya ce ranar da ya jera duwatsun ya sa katangar fasasshen tulun Iya a ƙarƙashin babban. In tana nan, to nan ne. Bai kai zurfin tafin hannu ba yatsansa ya taɓa abu. Ya ciro jar katanga, ya goge ta a riga, ya daɗe yana kallo.

"Assalamu alaiki, Iya," ya ce. "Ga ni na dawo."

Ko Dakta sai da ta share ido. Aka jera duwatsu bakwai yadda zanen ya nuna, aka yi addu'a. 'Ya'yan Baffa uku suna tsaye, Malam Sabi'u ya yage shafin nan daga littafinsa ya miƙa wa babbar.

Ashiru ya matso, taɓo har gira, ya ce a yafe masa.

"Na yafe," in ji Baffa Inusa. "Amma ɗana, gobe in ka ga dutse a jere, ka fara da sallama."

Bayan kwana tara aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma kafin wata ya ƙare Tiga ta rufe wurin.

Ƙungiya tana nan tana fita. Sun sauya shugaba, kuma yanzu ba mai komawa mota sai Malam Sabi'u ya naɗe igiyarsa. Ashiru ya koma shago. Ya sayi sabon tabarau, don hali zanen dutse ne. Amma in kika ce mai shago, yanzu yana amsawa.

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne, mai shi ne kawai ba ya ganin yadda ya zauna masa. Ilimin da ba zai bar ka ka tsaya ka tambaya ba, jahilci ne ya sa tabarau. Kada ka raina mai yin abu a hankali, wata rana igiyar da ka yi wa dariya ita za ta fid da kai daga rami. Ku tura wa 'yan uwa, ko Allah zai sa wani ya tsaya ya yi tambaya kafin ya miƙa hannu.

Ke kuma ƙawata, darasin ki raba shi yadda kika so. Amma akwai abin da ke kaɗai zan gaya wa. Wannan Ashirun ƙanena ne, ciki ɗaya, ni na goye shi. Ni na wanke babbar rigar nan, sai da na sauya ruwa sau huɗu. Don girman Allah kada ki faɗa wa kowa.