Manhajar da Malam Haladu Ya Bari a Buɗe

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah ana ce masa Malam Haladu. Tun zamanin da kwamfuta take da ƙatuwar ƙeya kamar talabijin ake wannan magana. Shi mai kula da sito ne a wani kamfanin rarraba magunguna, kamfani mai rassa a garuruwa da yawa. Furfura ta fara fito masa a gemu, sai ga shi ya ce zai koyi rubuta manhaja. Yaran ofis suka yi ta dariya. Shi ma ya taya su, ya ci gaba da karatunsa.

Ku saurara, jama'a. Abin da ya koya ba wasa ba ne. Manhaja ce irin wadda take riƙe rumbun bayanan kamfani gaba ɗaya: wane magani ya shigo, wane reshe ya tafi, yaushe zai lalace. Ya sha wuya, wallahi ya sha wuya. Har wata rana kan abin ya buɗe masa, ya buga cinya ya ce, "Ashe bugun bulo ne! Ka ƙera abin bugun sau ɗaya, ka yi ta fitar da bulo iri ɗaya." Shi ke nan. Ya ƙera na magani, ya ƙera na reshe, ya ƙera na direba, ya haɗa su suna magana da juna. Kamfani ya ɗora aikinsa kacokan a kan manhajar Malam Haladu.

To, yana da wani aboki, Barau, wanda suka yi karatun tare, yana irin wannan aiki a wani kamfanin. Barau ya leƙa rubutunsa ya riƙe baki.

"Haladu, kai wane irin mutum ne? Kowane abu ka ba shi suna a fili, kowane layi ka rubuta bayaninsa a sama. Ai ko makaho ya shafa zai gane! Ka cukurkuɗa shi mana. Ka sa sunayen da kai kaɗai ka sani. Ranar da wani ya iya gyara shi, ranar za a sallame ka."

Malam Haladu ya ce, "In na mutu fa? Maganin mutane ne a ciki, Barau."

"To mutu ɗin ka yi?"

"Ban yi ba tukuna."

Kun ji gwajin. Kujerarsa ce, abincin iyalinsa ne. Kuma Barau bai yi ƙarya ba.

Akwai wata baiwar Allah a ofishin, Hurera, mai shigar da bayanai, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. Wata rana ta ce, "Malam, ni ma zan iya koyon abin nan kuwa?" Ya jawo mata kujera. Ba rabi ya koya mata ba, bai ɓoye na ƙarshe ya ce sai gobe ba. Duka ya juye mata. Ta yi kuskure ya ce a sake, ta sake ya ce a ƙara. Har ranar da ta gyara wani abu da ya fi ƙarfinsa, ya tashi yana zagaya ofis yana cewa, "Ku zo ku gani! Hurera ta wuce ni!" Allah sarki. Da bakinsa ya yi shelar.

Da kamfani ya zo rage ma'aikata, aka duba aka ce mutum ɗaya ya isa. Aka riƙe Hurera, aka sallami Malam Haladu. Ta zo tana kuka, ta ce za ta ajiye aikin. Ya ce, "Kul! Ki zauna. Marayu ne a hannunki." Ya ɗauki hularsa ya fita, ya kama ɗan shagon gyaran kwamfuta a bakin kasuwa.

Na ga kuna jira in ce an dawo da shi. Ba a dawo da shi ba. Ya ji zafi? Ya ji mana, mutum ne. Amma ko sau ɗaya ba a ji ya ce da na sani ba.

Shekaru suka tura, idonsa ya fara rauni. Rannan sai ga Hurera a ƙofar shagon da ayarin mutane, maza da mata, waɗanda ta koya wa da waɗanda su ma suka koya wa. Suka durƙusa suna "Sannu, Baba." Ya ce shi bai san su ba. Ta buɗe kwamfuta ta karanta masa layin farko na manhajar, wanda ta ƙara da hannunta: duk wanda ya buɗe nan don gyara, ya fara yi wa Malam Haladu da iyayensa addu'a. Ta ce, "Ya zama al'adarmu, Malam. Ko sabon ɗauka ba ya taɓa komai sai ya yi. Kullum ana buɗewa."

Tsoho ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemu. Da ƙyar ya ce, "Har da iyayena?"

Barau kuwa ya riƙe kujerarsa, ba shakka. Ko ranar ɗaurin auren 'yarsa daga masallaci aka kira shi, don babu mai gane abin da ya rubuta. Da ya yi ritaya aka share aikin nasa kaf aka sake sabo. Abin da masu sharewar suka riƙa faɗa, ba zan maimaita shi a nan ba.

Jama'a, ɓoye ilimi yana iya tsare maka kujera, amma kujerar a nan za ka bar ta. Wanda ka koyar shi ne zai bi ka inda kujera ba ta zuwa. Kai tela, kai makaniki, ke mai girki, kai da ke ofis: akwai wani a gefenka da ya daɗe yana leƙen hannunka, kana juya masa baya. Ka san shi, yanzu ma sunansa ya faɗo maka a rai. Gobe da safe ka jawo masa kujera.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya ba mu zuciyar sakinsa.