Baƙar Motar da Dogo Yake Wankewa

Akwai wani kafinta da ake ce wa Dogo. Shagonsa ƙarami ne, amma akwai injin yankan katako a ciki, wanda ya gada daga mahaifinsa. Da injin nan yake ciyar da iyalinsa.

Tun yana yaro wani abu ya tsaya masa a rai. Mahaifinsa ya taɓa mallakar wata baƙar mota doguwa, mai ƙofa huɗu da filogi takwas, irin wadda in an taka ta sai ka ji gurnaninta a ƙirjinka. Kullum da safe tsohon yakan fito da bokiti da soso ya wanke ta har cikin tayoyi.

Shekarar da Dogo zai shiga sakandare aka wayi gari babu motar. Ba wanda ya yi masa bayani. Shi ya ƙudurta a ransa cewa don kuɗin makarantarsa aka sayar da ita, ya kuma girma da wannan nauyin.

Bayan rasuwar tsohon, wata rana ya ga irinta sak a wurin dillalai. Ta tsufa, amma kujerun fata suna nan, har warin cikin irin na wancan lokacin ne. Kuɗinta kuwa bai kai na ƙaramar mota ba. Ya kira bakanikensa ya duba masa.

Bakaniken ya leƙa ƙasa, ya leƙa sama, ya goge hannu.

"Dogo, sayenta ne kawai araha. Mai kuɗi ya ci ƙuruciyarta, kai za ka yi jinyar tsufanta."

"Za ta tashi ko ba za ta tashi ba?"

"Za ta tashi. Ni ma zan samu na cefane."

Ya saya.

Watan farko ya ji daɗi. In ya hau babban titi ya taka, sai ya ji kamar tsohon yana zaune a gefensa. Daga nan ta fara nuna hali. Mai take sha kamar tankin a huje yake. Lagireto ya fara yoyo. Aka gyara, sai shokozoba. Kayanta ba a samunsu a kusa, sai an aiko daga nesa, a jira, a zo a ce ba shi ba ne.

Kuɗin da masu aiki suka ba shi na sayen katako ya fara zarcewa gareji. Yana ba wannan haƙuri, yana ɓoye wa wancan. Matarsa ta daina yi masa magana a kan motar. In ya shigo da baƙin mai a riga, sai ta ce, "Sannu, Baban yara. Ya mai jiki?"

Rannan giya ta ƙi shiga gaba ɗaya. Aka turo ta har ƙofar gida. Bakanike ya faɗi kuɗin giyabos, Dogo ya zauna a kan dakali yana lissafi. Ba shi da abin sayarwa da zai kai wannan kuɗin sai inji. Ya yi magana da wani mai shago a layinsu, suka shirya zai zo ya ɗauka.

Motar tana nan a tsaye, ƙura tana hawa. Ba ya son maƙwabta su ga haka, don haka kullum da safe sai ya fito da bokiti.

A haka mahaifiyarsa ta same shi, ta zo duba jikoki. Ta tsaya tana kallonsa yana dirzar taya, sannan ta nemi kujera ta zauna.

"Mai ne babu, ko lalacewa ta yi?"

"Inna, wanka kawai nake mata. Kamar yadda Baba yake yi."

"Shi ya sa na tambaya. Babanka ba ya wanke ta sai in ba ta tashi."

Dogo ya ɗago. "Ai kullum yake wanke ta."

"To, kullum ɗin fa."

Ya ajiye soson. Ya ce mata shi abin da ya sani, Baba yana son motar nan kamar ransa, kuma saboda karatunsa ya rabu da ita.

Tsohuwar ta girgiza kai. "Wa ya gaya maka? Ya so ta, ban musa ba. Amma ta cinye shi, ta cinye ɗan kunnena da awarwarona. Ranar da ya sayar da ita ya yi barci har rana ta take, sai da na taɓa shi na ji ko yana numfashi. Abin da aka ba shi ma ba wani abin kirki ba ne. Da ƙyar ya isa sayen tsohon injin katako. Injin ne ya yi maka makaranta, ba mota ba."

Matar Dogo tana bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Ta ce, "Inna, injin ne za a zo ɗauka yau."

Tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Ta dube shi kawai, ta ce, "Babanka ya fita daga wahalar mota da ƙyar. Kai kuma ka zo za ka mayar da shi ciki."

Dogo ya shiga shago ya tsaya gaban injin. Mariƙin ya sha hannu har ya yi santsi, hannun tsohon da nasa. Da mai saye ya iso da masu ɗauka, ya ba shi haƙuri, ya biya su ladan zuwa.

Motar kuwa da ƙyar aka samu mai so. Masu sayar da kayan gyara ne suka taya, kuɗin ko kusa da abin da ya zuba mata bai kai ba. Ya karɓa, ya sayi katakon mutane. Da aka zo janta bai fito ba.

Washegari ya tashi ya ɗauki bokiti kamar kullum. Sai da ya kai ƙofa ya ga fili, da tabon baƙin mai a ƙasa. Matarsa ta miƙa hannu ta karɓi bokitin.

"Kawo nan, ina da wanki. Je ka buɗe shago."

Darasi: Kafin ka sayi tsohuwar babbar mota, kada ka tambayi kuɗin sayenta kawai. Tambayi abin da za ta ci a hannunka, da abin da za a ba ka ranar da ka gaji. Son abu ba laifi ba ne, amma kada ka sayar da abin da yake ciyar da kai don ka ciyar da abin da yake cin ka. In ka san wani mai wanke motar da ba ta tashi, tura masa wannan.