Bokitin da Injin Ƙanƙara Ya Shanye

An yi wani mutum a Ƙaura Namoda, mai kula da injin gidan ƙanƙara na Alhaji Maiwada. Ba zan ambaci sunansa ba. Kowa Injiniya yake ce masa, kuma ya cancanta, domin Allah ya ba shi hannu.

Ya 'yan uwa, wanda bai ga wannan gida a watan azumi ba, bai ga farin ciki ba. Da la'asar babura za su yi layi, kowanne an ɗaure masa ƙanƙara cikin buhu, wasu su nufi Kasuwar Daji, wasu Zurmi, motoci su kama hanyar Shinkafi. Masu azumi na dariya, ana shafa ruwan sanyi a wuya, ana sa wa Injiniya albarka. Shi kuwa yabo ya fi masa ruwan buɗe-baki daɗi.

Injin nan da iskar ammoniya yake aiki, iska mai kaifin wari, mai tsananin ƙishin ruwa. Al'adar masu aikin ita ce, idan za a zubar da tsohon mai, sai a tsoma bakin tiyo cikin bokitin ruwa don ruwan ya shanye warin. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka gusa sai ka rufe bawul, wato marufin hanyar tiyon.

Ranar biyar ga azumi yana tsakiyar wannan aiki, sai ga direbobin Shinkafi sun kawo masa zabi shida na godiya, suna kiransa daga ƙofa. Ya fita bai rufe bawul ba. Aka yi ta raha, ya ba su labarin injinan da suka gagari kowa sai shi. Da ya dawo, bokiti wayam, ƙasa kuwa a bushe. Injin ya zuƙe ruwan ta tiyo.

Barci ya ƙaurace masa. Ya ce wa kansa wataƙila bokitin na yoyo. Wataƙila tun farko bai cika shi ba. Amma zuciya ta san abin da ido ya gani. Maganin a lokacin mai sauƙi ne: a tsayar da inji kwana biyu, a fitar da ruwan. Sai dai hakan na nufin ya tsaya gaban Alhaji ya ce, "Na yi kuskure." Wannan kalma ce ta fi ƙarfinsa.

Inji ba ya iya munafunci. Man da ake gani ta gilashin jikin injin, wanda a da yake garau kamar zuma, ya fara fari. Ƙanƙarar da kan daskare a kwana ɗaya ta koma neman kwana biyu. Da ya kwance rariyar bututu, sai ya ga tsatsa ja a kan yatsansa. Ya goge a wando, ya mayar.

Akwai tsohon abokin aikinsa, Mainasara, mai gyaran injinan sanyi, ya biyo gaisuwa. Ya leƙa gilashin, ya yi dariya.

"Injiniya, nono kake ba wanga inji? To ina furar?"

"Sabon mai ne, haka launinsa yake."

"Haba ɗan uwa. Mu ɗebi ammoniya kaɗan a kwalba mu bar ta ta tashi. In da ruwa, zai zauna a ƙasa. Ko rabin awa ba za mu yi ba."

"Ni za ka koya wa aiki? Lokacin da na fara riƙe sifana kana ina?"

"Ina kusa da kai, ni ke miƙo maka," in ji Mainasara, ya yi sallama.

Ya 'yan uwa, mene ne zunubin wannan bawan Allah? Mantuwa? A'a, an ɗauke wa al'ummar nan alhakin mantuwa. Zunubinsa girman kai ne, wanda ya haifi ɓoye gaskiya, ita kuma ta haifi cin amana. Kullum sai ya sauya man don gilashi ya yi kyau a idon Alhaji, tsatsa kuwa na cin ƙarfe daga ciki.

Ranar ashirin da uku ga azumi, da la'asar, babura na layi, injin ya yi ƙara sau ɗaya, ya cije. Alhaji ya aika aka kira Mainasara. A gaban kowa aka ɗebi ammoniya a kwalba, ta tashi, ruwa ya zauna a ƙasa, jaja-jaja da tsatsa. Sunan da aka gina shekara ashirin ya narke a wannan yini, kuma daga Ƙaura har Shinkafi ba a sake damƙa masa injin sanyi ba.

Mainasara ya ce gyara zai yiwu, amma sai an gano ta inda ruwan ya shiga, in ba haka ba sai an kwance bututun gidan duka, aikin wata guda.

Washegari da hantsi mutumin da ake ce wa Injiniya ya zo, ba wanda ya kira shi. Ya kai Mainasara gaban bawul ɗin, ya nuna masa, ya faɗi rana da yawan ruwan. Sannan ya ajiye makullan gidan a gaban Alhaji.

"Da ka faɗa mini ran nan," in ji Alhaji, "da kwana biyu ne, kuma da har yau kai ne Injiniya."

Albarkacin wannan gaskiya, ko da ta makara, jajibirin Sallah ƙanƙara ta fito, gari ya ɗauki murna. Shi kuwa yana Birnin Tsaba yana gyaran injin ban-ruwa, ba mai yi masa kirari, amma an ce yanzu yana samun barci.

Ku yi murna, ya 'yan uwa, ƙofar tuba ba ta rufe ba. Amma ku dubi bambancin farashi: wanda ya faɗi kuskurensa da wuri, kunyar yini ɗaya zai biya, wanda ya jinkirta kuwa da sunansa zai biya. Wane ruwa ne ya shiga aikinka, kake sauya mai don kada a gani?

Allah ya ba mu ikon cewa "na yi kuskure" tun ƙarfe bai ci ba. Allah ya kiyaye mu, amin.