Farin Fulogi a Motar Zdravko

Akwai wata makanikiya a garinmu Gabrovo, sunanta Nevena. Garejinta yana bayan tsohuwar masaƙa, dab da kogi. Ba ta da yawan magana, amma in ta kasa kunne ga inji, sai ka rantse gaya mata yake yi inda ke masa ciwo.

Saurayinta Zdravko ne, har an sa bikinsu a watan Satumba. Yana da wata jar mota mai ƙofa biyu da ya shekara uku yana ƙara mata ƙarfi. Ya sa mata ƙaton tarbo, ya sauya salansa. In ta taso daga gadar kasuwa, ana jin ta a unguwar sama.

Amma fa ɗan Gabrovo ne, mu kuwa ba ma ƙona fetur muddin akwai abin da ya fi shi araha. Don haka motar tsere guda da gas take tafiya, tankin yana kwance inda ake ajiye safaya.

Saura mako ɗaya a yi tseren hawan dutse, motar ta fara misin. A cikin gari lafiya lau. Da ya taka totur a kan hawa, sai ta riƙa fizga tana tari. Ya sauya fulogi sau biyu, ya sauya kwayil duka huɗu, a banza. Bai kai wa Nevena ba, don ba ya son a ce budurwa ce ke riƙe masa mota.

Ranar Alhamis dole ta sa ya zo, tare da abokinsa Plamen, mai bakin tsiya.

"Amaryarmu, yau ranarki ce," in ji Plamen. "Yau ango ya durƙusa."

"Rufe mana baki," Zdravko ya ce. "Neve, ɗan duba min. Wutar gargaɗin injin nan da ke kunnuwa kawai za ki kashe."

Nevena ta karɓi makulli, suka hau dutsen su uku. Ta taka totur har ƙasa. Da motar ta fara fizga, sai ta kashe injin nan take, ta gangara gefen hanya. Ta buɗe bonet, ta kwance fulogi ɗaya ta miƙa wa Zdravko. Bakin fulogin fari fat kamar alli, da ɗigo-ɗigon ƙarfe masu ƙyalli.

Sannan ta kama hannunsa ta ɗora a kan 'yar tukunyar da ke mayar da ruwan gas tururi. Ya fizge hannun. Ƙanƙara ce a jikinta, a tsakiyar zafin watan Yuli.

"Yunwa injin nan yake ji," ta ce. "Ka ƙara masa iska da tarbo, ba ka ƙara masa abinci ba. Tukunyar nan ta yi masa kaɗan. Waɗannan ɗigon kuma fistin da ke cikin injin ne ya fara narkewa. Ai in gas ya gaza, motar kan koma fetur da kanta. Wa ya kashe wannan?"

Plamen ya tuntsire da dariya. "Gogan naki! Wai tana sha masa fetur ba da izininsa ba."

"To a mayar da ita fetur ranar Lahadi," in ji Zdravko.

"Nozul ɗinka masu fesa fetur sun shekara biyu suna barci, biyu sun toshe. Sababbi sai mako mai zuwa za su iso daga birnin Sofiya. Bana ka haƙura da tsere."

Masu shirya tseren ba sa karɓar mota sai da hatimin wani gareji mai shaida lafiyarta. Da suka koma, Zdravko ya shimfiɗa takardar shiga tseren a kan teburinta.

"Buga."

"Ba zan buga ba."

"Shekara uku nake jiran ranar nan, Nevena. A gaban abokina za ki kunyata ni?"

"Gara ka ji kunya a garejina da ka ji ta a kan dutse, da mutane tsaye a bakin kwana."

Idonsa ya yi ja. "Matar da zan aura ba za ta tsaya a bayana ba? To zaɓi. Ko hatimin, ko bikin."

Plamen ya daina dariya. Nevena ba ta sa zoben baikonsu a yatsa saboda aiki, a sarƙar wuyanta yake rataye. Ta ɓalle sarƙar, ta ajiye zoben a kan takardar.

"Ina son ka, ka sani. Amma hatimina ba ya ƙarya, ko don kai."

Ya kwashe takarda da zobe ya fita. Ta rufe ƙofa, ta zauna a kan tsohuwar taya ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta koma ƙarƙashin motar wani.

Zdravko ya sami wani gareji a bayan gari, aka kashe masa wutar gargaɗin, aka buga masa hatimi. Ranar Lahadi ya taso kamar harsashi. A kwana ta huɗu injin ya yi wata ƙara, farin hayaƙi ya turnuƙe, baƙin mai ya malale a kan kwalta. Motar ta juya ta tsaya, taku biyu tsakaninta da 'yan kallo. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo.

Bayan kwana tara ya shigo garejin shi kaɗai. Ya ajiye fistin a gabanta, da rami a tsakiyarsa wanda babban yatsa zai shige.

"Kin faɗa," ya ce. "Ban ji ba."

Ba ta ɗago ba. Ta tura masa daro da buroshi da ƙafarta.

"Kayan injinka na waje? Shigo da su ka wanke. Ɗaya bayan ɗaya."

"Satumba fa?"

"Satumba na nan a kalanda. Ni ce ban sani ba ko ina nan. Fara wanki."

Jiya na wuce ta garejin. Na hango shi tsaye, hannu baƙi ƙirin, tana masa bayani, shi kuma bai katse ta ko sau ɗaya ba. An ɗaga bikin zuwa Oktoba. Ita ta zaɓi ranar.

Darasi: Wanda yake son ka da gaske zai iya ce maka a'a ko da zai rasa ka, kuma kada ka sayar da gaskiyar sana'arka don tsoron fushin masoyi. Ku tura wa duk wanda yake fushi da mai gaya masa gaskiya.