Dalilin da Ya Sa Ƙuduji Ba Ya Tashi Sai Dawa Ta Yi Kira

Dalilin da ya sa ƙuduji ba ya fitowa sai a gindin dawa, shi zan gaya muku yau, tunda na ga ɗayanku ya tsinko furensa yana maƙala wa ƙanwarsa a kitso. Furen da kyau, ban musa ba. Amma kun taɓa ganinsa a gonar auduga, ko a saurar da aka bari ba shuka? Ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya ne, amma sai an shuka dawa yake ɗago kai. To, da can ba haka abin yake ba.

A zamanin da, Dawa ba ta san wani abu wai shi fargaba ba. Da rani tana kwance a rumbun wani manomi mai suna Nomau. Da damina ya kai ta gona, ta kafa saiwa, ta miƙe, ta yi ciki, ta fitar da zangarniya cike da 'ya'ya har kanta na rinjayarta. Sirrin ƙibarta kuwa wata tsohuwa ce da ke zaune a ƙarƙashin ƙasa, ana ce mata Gwaggo Mai Kaɗi. Tsohuwar nan ba ta taɓa ganin rana ba. Aikinta kaɗa wani farin zare siriri, wanda ido bai cika gani ba, tana shimfiɗa shi cikin ƙasa har inda saiwa ba ta iya kaiwa, ta cikinsa take janyo ruwa da gishirin ƙasa. Abu ɗaya ne ba ta iya samar wa kanta, shi ne zaƙi, domin zaƙi sai mai ganye a rana ke dafa shi. Dawa kuwa kararta cike take da zaƙi. Sai suka ƙulla ciniki, ke ruwa, ni zaƙi.

Ranar da suka ƙulla, Gwaggo ta ce mata, "'Yar nan, ni ba na yawon leƙa gidajen mutane. In kina nema na, ki kira ni ta saiwarki, ki ce, Gwaggo, ga zaƙi, kawo ruwa. In ƙasa na da ƙoshi ina nan kusa, ko raɗa kika yi zan ji. In ƙasa ta gaji kuwa nakan yi nisa wajen nema, sai kin ɗaga murya."

Haka suka zauna shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa jin kansu.

Wata shekara, bayan girbi, shanu suka shigo cin kara, ɗaya daga cikinsu ta zo da wani ɗan iri maƙale a kofatonta daga daji. Ƙanƙane ne ƙwarai, in aka ɗora muku shi a tafin hannu sai ku ce datti ne. Shi ne Ƙuduji. Da ruwan farko ya sauka, ya farka kamar yadda kowane iri ke farkawa, ya miƙa ɗan bakinsa yana lalube cikin ƙasa. Dawa na cikin kafa saiwa sai ta ji wani abu na numfashi sama-sama a kusa da ita.

Ta ce, "Wane ne nan?"

Ya ce, "Ni ne, Inna. Ƙuduji. Yunwa za ta kashe ni."

"To ina guzurinka? Kowane iri ai uwarsa kan ɗaura masa ɗan gari a jiki, ya ci kafin ya kai ga rana."

"Mu uwarmu ba ta ba mu komai. Mun yi mata yawa. Haka muke tashi da ruwan farko, mu laluba, in ba a dace ba mu mutu. 'Yan uwana duk haka suka ƙare."

Tausayi ya kama Dawa. Ita dai mai yalwa ce, kuma mai yalwa bai cika yin dogon tunani kafin ya buɗe baki ba. Ta ce, "Kai ma da wauta. Wa ke tashi ba guzuri? Koma ka kwanta. Kada ka ƙara tashi don ka ji ruwa. Ka bari sai ka ji na ce, Gwaggo, ga zaƙi, kawo ruwa. In ka ji haka, to abinci na tafe, sai ka matso ka ɗan kurɓa a saiwata."

Ƙuduji ya yi ta godiya har da kuka. Da Dawa ta yi kira, ya matso, ya kafa baki a saiwarta. Ba ta ma ji komai ba, baki ɗaya ne a kan saiwa mai yawa. Ya daɗe a ƙasa yana sha, sannan ya ɗago kai, ya yi fure ruwan hoda. Dawa ta dube shi ta ji daɗi, har tana nuna wa maƙwabcinta Wake, tana cewa ya ga yadda marayan nan ya murmure. Wake ya dubi furen, ya ci gaba da yaɗonsa.

Da furen ya bushe, Ƙuduji ya zubar da 'ya'ya kamar an watsa toka. Kafin su shige ƙasa ya tara su ya ce, "Kada wanda ya tashi don ruwa. Ko shekara nawa za a yi, ku yi kwanciyarku. Sai kun ji an kira Gwaggo."

Damina ta zagayo. Nomau ya shuka Dawa a gona ɗaya, kamar kullum. Ta kafa saiwa, ta yi kiranta da sakin jiki. Ba ta rufe baki ba ta ji ƙasa ta ɗauki motsi ta ko'ina, sai ga bakuna, nan ɗaya, can ɗaya, har ba sauran saiwar da ba a kama ba. Gwaggo ta kawo ruwa, amma ruwan bai kai ko gaɓar farko ba aka shanye shi a hanya. Ganyen Dawa ya fara naɗewa, ya yi rawaya, gefensa ya ƙone kamar an gifta da wuta. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne a sama ba a ganin komai. Nomau yakan zo ya tsaya a kanta, ya dubi hadari, ya tona ƙasa da yatsa ya ji danshi, ya girgiza kai ya tafi, ita kuma ba ta da bakin gaya masa cewa ɓarnar a ƙarƙashin ƙafarsa take.

Ta sunkuya ta ce, "Ku su wane ne? Wa ya gayyato ku?"

Suka amsa da ladabi, baki cike, "Mu ne 'ya'yan Ƙuduji, Inna. Ai ke kika ce in an ji kira a matso."

"Mutum ɗaya na ce wa."

"To ai shi ya haife mu, Inna. Allah ya saka da alheri."

Ladabin nan ya fi zagi ciwo. A shekarar, zangarniyar Dawa ba ta fi tafin hannu ba, rabinta ma ƙaiƙayi. Gonar kuwa ta cika da fure, kowane fure ya zubar da nasa 'ya'yan. Dawa ta koma rumbu, rani duka ba ta runtsa da daɗi ba. Rumbun da ke cika har baki yanzu ana hango gindinsa, tana jin matar Nomau na kankare ƙasan da ƙoƙo. In aka ƙara shekara irin wannan, ko irin shuka ba zai rage ba, sunan Dawa ya ɓace a gonar. Ta yi ta juya abin a ranta har ta yanke shawara: bana ba za ta yi kira ba.

Aka yi shuka, ta fito, ta kame bakinta. Da fari abin ya yi kyau, ruwa na sauka a kai a kai, 'ya'yan Ƙuduji na barcinsu. Amma tana jin su. Duk inda ta miƙa saiwa sai ta gifta ta gefen ɗayansu, ta janye a hankali, kada ta yi wani motsi da za a ɗauka kira ne. Tana cikin haka ta yi ciki. Sai ruwa ya ɗauke.

Rana ta buɗe, ƙasa ta fara tsagewa. Ga gonar ta gaji, don Nomau ya daɗe bai kai mata taki ba, Gwaggo kuwa da ta ji shiru ta ɗauka ba a bukatarta, ta yi nisa abinta. Dawa na jin 'ya'yan da ke cikinta suna neman ruwa, ba ta da abin ba su. In ta yi kira, waɗancan su tashi su shanye. In ta yi shiru, nata su bushe tun ba su ga rana ba. Kullum da safe takan ce bari ta ƙara yini ɗaya ko hadari zai haɗo, kullum da yamma sama na nan fes.

Wake ne ya gaji da kallonta. Ya yaɗo har gindinta ya ce, "Maƙwabciya, wannan shirun naki kashe ki zai yi. Me ya hana ki kiran tsohuwar?"

Ta gaya masa komai, tana magana ƙasa-ƙasa. Wake ya ce, "Su waɗannan, muryarki suka sani ko kalmomin?"

"Ina tsammanin kalmomin ne. Ba su taɓa ganina ba."

"To ni saiwata ba ta shiga bakinsu, sun sha gwadawa. Koya mini kiran. Zan yi yaɗo can nesa da ke in yi kiran. Duk wanda ya tashi bai sami abin kamawa ba, kin san ba su da guzuri."

Dawa ta auna maganar. Koya wa wani kiran nan shi ya jefa ta cikin wannan hali, yanzu kuma ana ce mata ta ƙara. Amma ba ta da wata dabara, sai ta raɗa masa. Wake ya yi yaɗo zuwa ƙarshen kunyar gonar, ya kafa saiwa, ya ce, "Gwaggo, ga zaƙi, kawo ruwa." Ƙasar wajen ta ɗauki motsi. 'Ya'yan Ƙuduji suka tashi da murna, suka laluba dama, suka laluba hagu, suka kama saiwar Wake ta ƙi kamuwa. Wanda ya riga ya tashi kuwa ba ya iya komawa barci. Kafin rana ta yi tsaka wajen ya yi tsit.

Wake ya yi ta zagaya gonar yana kira, yana share su. Da ya dawo, Dawa ta ce, "Saura na gindina."

Ya ce, "Waɗannan sun fi ƙarfina. In na yi kira a nan, ke za su kama, don kin fi kusa. Na rage miki su, amma ban iya ƙarar da su ba. Kuma tsohuwar ta zo wurina ta ga ba ke ba ce, ta ce ruwanki sai ta ji daga bakinki."

Dawa ta dubi sama, babu ko ɗigon gajimare. Ta saurari ƙasa, ta ji su kwance a jikin saiwarta, suna jira. Ta saurari cikinta, ta ji motsin 'ya'yanta ya fara rauni. Tsoro bai sake ta ba ko kaɗan, amma ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ɗaga murya yadda za a ji daga nesa, ta ce, "Gwaggo, ga zaƙi, kawo ruwa."

Suka tashi. Ta ji bakin farko ya kama, na biyu ya kama. Ta daure, ba ta janye saiwa ko ɗaya ba. Can sai ta ji sanyin zaren Gwaggo ya taɓa ta, tsohuwar na haki tana mita: "'Yar nan, sai da kika kusa mutuwa za ki kira ni?" Ruwa ya taho. Suka sha nasu a hanya, amma da yake an rage su, saura ya wuce gaɓar farko, ya wuce ta biyu, ya hau har inda 'ya'yan suke. Zangarniyar bana ba ta kai ta zamanin da ba, amma ta yi ƙwaya, Nomau ya sami na tuwo, ya ware na shuka. Ya kuma lura cewa inda Wake ya bi furen bai fito ba, sai ya riƙe abin a ransa.

Shi ya sa har yau irin ƙuduji ke kwance a ƙasa shekara da shekaru, ruwa ya sauka ya ɗauke bai motsa ba, sai ya ji dawa ta yi kira. Shi ya sa ya fi yawa a gonar da ta gaji, don a nan ne dawa ke ɗaga murya, kuma shi ya sa iyayenku ke wahalar kai taki, don ta samu ta yi kiranta da raɗa. Shi ya sa kuma ake sa wake ko auduga a gona wata shekarar, su yi kiran ƙarya. Kai mai furen, cire shi daga kan yarinyar nan ka kai shi murhu tun bai zubar da 'ya'ya ba. Dawa kuwa har gobe ba ta daina jin tsoro ba. Kowace damina ta san su waye ke kwance a gindinta suna saurare, kuma kowace damina sai ta buɗe baki ta yi kiran, saboda 'ya'yan da ke cikinta. Tuwon da kuka ci ɗazu, daga wannan kiran ya fito.