Bushiya Mai Kiɗan Dawisu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.
Mun matso, ta zo mu ji ta.

Bushiya gwanar kalangu ce, amma kunya ta hana ta shiga taro. Sai suka shirya da Dawisu, ita tana kiɗa a kogon kuka, shi yana dandali yana dukan fasasshiyar ganga. Yabo duk nasa.

Ran bikin girbi Dila ya leƙo kogon ya ce, "Ƙawata, fito ki tona asirinsa."

Bushiya ta ce, "Wa ke girgiza ƙasa haka?"

"Giwa ce. Tun mutuwar ɗanta ba ta taka rawa ba sai yau."

Bushiya ta matse kalangu ta ƙara wuta. "Bar masa sunan. Ƙafar nan hannuna take bi."

Ƙurunƙus kan kusu, nan na sauke ta.